Na Karɓi Kuɗin Amare Biyu a Rana Ɗaya

Tambaya

Assalamu alaikum Anti. Ni mai lalle ce a Kano, shekarata 6 a sana'ar. Wata biyu ke nan da aka zare min waya a cikin A Daidaita Sahu. Na sayi wata, na dawo da layina, amma lambobin kwastomomina sun tafi, sai 'yan tsirarun da ke kan sim. Tun lokacin nake a rikice. Wani alƙawarin yana cikin hirar WhatsApp, wani a saƙon murya, wani a bangon littafi, wani a ka. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ina tsaka da ƙunshin wata amarya a Hotoro sai ga kira daga Rijiyar Zaki, wai ga amarya nan zaune tun safe ana jirana. Uwarta aminiyar Mamanmu ce. Wata Laraba da daddare ta kira ni ta ce "Alhamis ta sama", ni kuma na kai lissafin sati guda gaba. Duka biyun na karɓi kafin alƙalaminsu. Na tura yarinyar da nake koya wa aiki, zanen bai yi kyau ba, Hajiya ta yi fushi har ta kira Mama. Maigidana ya ce in rabu da waya in koma littafi. Ga azumi ya matso, bukukuwa sun yi yawa, ni kuma tsoro nake kar in shiga sahun masu saɓa alƙawari. Yaya zan yi?

Mai Lalle, Kano

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar miki da mafi alherin abin da aka ɗauka, ya kuma sanyaya zuciyar Hajiya.

Bari mu fara da Hajiyar, don maganarta ce ba ta jira. Kada ki tura saƙo, kada ki kira a waya. Ki yafa mayafinki ki je har gida, in da hali ke da Mama, tunda kafin kasuwarki zumuncinsu ne ya taɓu. Ki riƙe kuɗin kafin alƙalamin cif a ambulan, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce kin yi kuskure. A wurin zuciya za ta raya miki ki ce "ai Hajiya ke kika ce ta sama". Ki haɗiye wannan maganar. Tabbatar da rana aikin mai sana'a ne. Uwar amarya tana fama da kayan ɗaki da gara da dangin da suka cika mata gida, ba ita za a ɗora wa wannan nauyin ba. In ta ƙi karɓar kuɗin, kuma ina zaton za ta ƙi, ki nemi alfarma ki je ɗakin amaryar ki yi mata ƙunshi da hannunki idan wancan ya fita, ba tare da kin karɓi ko sisi ba. Ranar bikinta ta wuce ba za ta dawo ba, kada ki yi magana kamar za ki iya biyanta. Abin da za ki iya shi ne ki nuna musu abin ya dame ki yadda ya dame su. Yarinyarki kuma kada ki ɗora mata laifi, a gabansu ko a bayan idonsu. Ke kika tura ta aikin da ya fi ƙarfinta.

Tsoron da kike ji na saɓa alƙawari alama ce mai kyau. Wadda ta ɗauki alƙawari da niyyar cikawa lissafi ya kuɓuce mata, ba ɗaya take da wadda ta ɗauka tana sane ba za ta zo ba. Sai dai yanzu kin ga inda ramin yake, wajibi ne ki cike shi.

Matsalarki biyu ce, kin haɗa su wuri ɗaya don a lokaci guda suka same ki. Ɓarawo ya tafi da lambobinki, wannan ɗaya. Amma ko da tsohuwar wayarki na hannunki, da amaren nan biyu sun haɗu a Alhamis ɗaya, domin alƙawuranki gida huɗu suke kwana, kuma babu gidan da ya san abin da ke cikin ɗan uwansa.

Dubi yadda aka yi da Hajiya. Ta kira ki Laraba da daddare. A wurinta Alhamis ɗin gobe ita ce mai zuwa, wadda ke bi mata ita ce ta sama, kwana 8 ke nan. A wurinki kuwa gobe gobe ce, ba ta cikin ƙirga. Mai zuwa ita ce ta kwana 8, ta sama kuma ta kwana 15. Kowacce a cikinku Hausarta daidai take. Irin wannan ya yi yawa a bakinmu. Dattijuwa in ta ce miki "daren Juma'a", daren da za a wayi gari Juma'a take nufi, wato Alhamis bayan Magariba, don a lissafin Musulunci dare ne ke gaba da yini. 'Yar makaranta kuwa tana iya faɗin haka tana nufin Juma'a da dare, kuma kalandar waya sai ƙarfe 12 na dare take juya rana. "Bayan La'asar" yana iya zama ƙarfe 4, yana iya zama dab da kiran Magariba. Saƙon murya da aka turo jiya da dare ana cewa "jibi", ke kuma kika saurara yau da hantsi, ya riga ya zama gobe ba ki sani ba. A hira da zumunci duk wannan ba komai, har daɗi yake yi. Da zarar kuɗi ya shiga tsakani, rana sai da lamba: sunan ranar, kwanan watan, da ƙarfe nawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa. Kafin alƙalamin da kike karɓa bashi ne a kanki har sai kin yi aikin, kuma ranar biki ita ce wa'adinsa.

Don haka ga dokar da nake so ki kafa wa kanki daga yau, ita ce ma ainihin shawarata, sauran duk bayani ne: alƙawari wuri ɗaya yake zama, kuma ba ki amsa shi ba sai kin buɗe wurin kin duba, kin rubuta, kin karanta wa mai shi.

Na san inda wannan dokar za ta fi ba ki wahala. Galibi kira yana shigowa ne hannunki dumu-dumu da lalle, kin maƙale waya a kafaɗa, ga salatif a baki, wata tana cewa "don Allah ki sa ni ranar Asabar", ke kuma ki ce "to, ba damuwa" don ki samu ki ci gaba da zane. Wannan "to" ɗin ita ce ke kai ki ƙasa. Ki koya wa bakinki wata magana a madadinta: "Hajiya, bari in wanke hannu in duba, zan kira ki kafin Magariba." Da farko za ki ji kamar kin yi rashin kunya, musamman ga manya. Babu rashin kunya a ciki. Mai biki ta fi samun natsuwa da wadda ta ce za ta duba sannan ta kira, a kan wadda ke amsawa kafin a rufe baki.

Wurin nan guda, ni kalandar waya nake ba ki shawara. Ina ɗauka Android ce a hannunki, irin su Tecno, Infinix, itel ko Samsung da suka cika gari. Idan babu Google Calendar a ciki ki sauko da ita, kyauta ce, kuma tana karɓar rubutu ko babu data. In data ta dawo sai ta kai kwafin asusunki na Google da kanta. Kowace amarya ki buɗe mata shafinta a ranarta. A saman shafin ki sa suna da unguwa. A gurbin bayani ki sa sauran: ja ne ko baƙi ko duka biyu, hannu da ƙafa ko hannu kaɗai, ƙawaye nawa, nawa aka yi ciniki, nawa aka bayar, nawa ya rage, sai kwatancen gida. Maganar ƙawayen nan ki riƙe ta da kyau, don kin san yadda "mu uku ne" kan zama mutum 9 in kin isa.

Wajen sa lokaci mutane ke yin kuskuren da ya fi yawa. Suna rubuta lokacin farawa su bar na gamawa yadda wayar ta sa, rabin awa ko awa ɗaya, sai kalanda ta nuna musu yini a buɗe alhali a cike yake. Ke kin san awa nawa ƙunshin amarya ke ci daga shimfiɗa leda har a wanke. Ki rubuta gaskiyarsa, ki ƙara lokacin hanya zuwa da dawowa, da na sallah da cin abinci. Daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki keta gari ne daga gabas zuwa yamma, kuma kin fi ni sanin abin da cunkoso ke yi wa mutum a hanyar. Idan kika toshe lokacin yadda yake, da kin buɗe satin za ki ga ranar ta cika da ido, ba sai kin yi tunani ba. Launi ma yana taimakawa: wadda ta biya kafin alƙalami launi ɗaya, wadda ta ce dai a riƙe mata rana wani launin. Ta biyun ki faɗa mata ƙarara cewa kwana 2 za ki riƙe, in ba ki ga alat ba ranar ta koma kasuwa.

Bayan kin rubuta, kafin ki ajiye wayar, ki tura wa mai bikin saƙo a rubuce, kamar haka: "Alhamis 14 ga watan kaza, ƙarfe 10 na safe, amarya da ƙawaye 4, ja da baƙi. An ba da kaza, saura kaza. Don Allah a amsa min in daidai ne." Da wannan saƙon ya je wa Hajiya a daren Larabar nan, da tun a daren ta kira ki ta gyara. In mai bikin ba ta karatu, ki tura wa 'yarta ko ƙanwarta, ke kuma ki karanta mata a waya. WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 don masu ƙananan sana'o'i irin taki, tana ba ki damar ajiye irin wannan saƙon ki riƙa kiransa da ɗan gajeren rubutu, sai ki canza rana da kuɗi kawai. Tana kuma ba ki damar yi wa hirarraki alama, ki ware waɗanda suka biya da waɗanda ke jira. Amma kada alamar ta ruɗe ki ki mayar da WhatsApp kalanda. Ita wurin magana ce. Saƙon murya musamman, ba ya nemuwa. Ba za ki rubuta "Asabar" a gurbin bincike ya fito miki da muryar da ta ce Asabar ba. Duk alƙawarin da ya zo ta murya, da kin gama saurare ki juya shi rubutu.

Tunatarwa ki sa guda biyu a kowane aiki. Ta farko kwana 2 kafin ranar, ita ce ta kiran mai biki a sake tabbatarwa, da duba ko lalle da salatif da sauran kaya sun isa. Biki kan ɗaga, rasuwa kan faɗo, kuma a cikin hidima ba kowa ke tunawa da mai lalle ba. Ta biyu da safiyar ranar, awa 2 kafin fita. Sannan ki gwada ta tun yau: ki sa alƙawarin gwaji na minti 10 masu zuwa, ki kulle wayar ki ajiye, ki gani ko za ta yi ƙara. Dalilina shi ne wayoyin Android da yawa, don tattalin batir, sukan sa manhajar da ba a buɗe ba barci, sai tunatarwa ta makara ko ta ƙi zuwa sam. In ta ƙi ƙara, ki shiga saitin batir ki cire kalandar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, ki kuma duba an ba ta izinin sanarwa. Ki leƙa saitin kwanan wata ki bar shi yana daidaita kansa da layi. Wani abu ƙarami da ke rikita mutane: wayar da aka saita da Turancin Amurka wata take fara rubutawa kafin rana, 3/4 a wurinta 4 ga Maris ne, mu kuma 3 ga Afrilu muke karantawa. Shi ya sa a saƙonki ki riƙa rubuta sunan watan da haruffa.

Yanzu lambobi. Kafin ki yanke ƙauna, akwai abin da nake so ki gwada. Tsohuwar wayarki kusan tabbas tana da asusun Google, tunda ba a sauko da manhaja daga Play Store sai da shi. Tana yiwuwa lambobinki suna can a zaune tun tuni, ke kuma da kika sayi sabuwar waya aka buɗe miki sabon Gmail a shago, sai kika shiga ɗakin da babu kowa. Ki yi ƙoƙarin tuna tsohon adireshin. In kin taɓa tura wa wani imel, ko kin cike fom da shi, ko bankinki na turo miki saƙo ta can, za ki same shi. Tunda layinki ya dawo, idan da shi aka yi rajistar asusun, Google na iya turo miki lambar sabunta kalmar sirri ta kansa. Ki shiga contacts.google.com da wannan asusun ki duba. Ba na yi miki alƙawarin suna nan, don in a cikin ƙwaƙwalwar wayar aka riƙa ajiye su sun tafi da ita, amma gwajin ba zai ci miki ko awa ɗaya ba.

In ba a dace ba, sai tsinta ɗaya bayan ɗaya. Zaurukan WhatsApp da kike ciki sun dawo tare da layinki, kuma a jerin mambobinsu za ki ga lambobi da sunayen da mutane suka sa wa kansu. Bayanin asusun bankinki zai tuna miki sunayen waɗanda suka taɓa yi miki tiransifa. Kowace kwastoma da ta zo, ki tambaye ta lambar wadda ta haɗa ku. Kuma ki gaggauta, saboda wani abin da na tabbata ba ki lura da shi ba: sitatus ɗin WhatsApp sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki yake gani. Wata biyun nan da kike ɗora hotunan zanenki, yawancin tsofaffin kwastomominki ba sa gani, wasu ma suna zaton kin daina sana'ar.

Akwai abin da na gani tun da daɗewa da ya zauna min a rai. Wajen 2001, shekarar da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya, wani shugabana a wurin aiki yana da wata 'yar na'ura mai faɗin tafin hannu, PalmPilot, irin wadda kamfanin Palm na Amurka ya fara fitarwa a 1996. Ba a kira da ita. Maɓallai huɗu ne manya a ƙasanta: kalanda, adireshi, jerin ayyuka, da ɗan rubutu. Ƙananan batura biyu take ci, kuma an ƙera ta ne yadda in suka mutu aka daɗe ba a canza ba, abin da ke ciki ya goge. Saboda haka take zuwa da wani mazauni da ake jonawa da kwamfuta, mai maɓalli ɗaya tak. Kullum kafin ya tashi daga ofis sai ya ɗora ta a kai ya danna, komai ya kwafu. Ban taɓa ganin ya tsallake ba, ko da direba na jiransa. Mutanen wancan lokacin sun san na'urar hannu aron wuri ce, ainihin ajiyar tana wani waje. Mu yanzu wayar da kanta take yin kwafin in an saita ta, shi ya sa muka manta da tambayar inda abin yake zuwa.

To ki tambaya. Duk lokacin da za ki ajiye sabuwar lamba, a saman shafin wayar tana nuna inda za ta sa ta: waya, sim, ko asusun Google. Ki zaɓi asusun, ki kuma shiga saiti ki mayar da shi zaɓin dindindin. Sim bai cika ɗaukar fiye da lamba 250 ba, yana yanke dogon suna, kuma lamba ɗaya yake riƙe wa kowane mutum, babu kwatance babu bayani. 'Yan tsirarun da ke kansa ki kwafe su zuwa asusun. A can in kika goge lamba bisa kuskure tana zama a kwandon shara kwana 30 kafin ta tafi, kuma akwai wurin da ke haɗe miki sunayen da suka maimaitu. Sau ɗaya a wata, ranar da za ki tuna kamar ranar 1, ki fitar da lambobin duka a fayil ɗaya daga cikin manhajar Contacts, ki tura wa imel ɗinki ko wayar maigida.

Sunan da kike sa wa mutane shi ma aiki ne. Na tabbata a tsohuwar wayarki akwai "Maman Ummi" fiye da biyar, da "Amarya", da "Amarya 2", da "Hajiya sabuwa" wadda ta shekara 3 tana sabuwa. Tunda dole ta sa za ki sake gini daga tushe, ki gina shi da kyau: suna, unguwa, da wadda ta haɗa ku. A gurbin bayani ki rubuta abin da zai amfane ki baɗi, wato irin zanen da take so, ko tana biya a kan kari, da abin da ya fi duka muhimmanci, ko fatarta ta taɓa yin ƙaiƙayi ko ƙuraje bayan baƙin lalle. Rinin da ke sa shi baƙi yakan ƙunshi sinadarin PPD, wanda jikin wasu ba ya ɗauka, kuma wadda ya taɓa yi wa illa yakan fi tsanani a karo na biyu. Wannan layi ɗaya a ƙarƙashin sunanta zai iya kare hannun wata. Lambobin kuma ki riƙa sa su da +234 a gaba ki cire sifilin farko. In kina da masu zuwa daga Maraɗi ko Damagaram, nasu +227 ne da lambobi 8, kuma sai da shi WhatsApp zai gane su.

Duk wannan ginin a kan kalmar sirri ɗaya yake tsaye, ta asusunki na Google, don haka ta zama ke kika zaɓe ta, ba wanda ya saita miki waya ba. In wani ne ya buɗe miki asusun, ki canza ta yau. Lambar da za a nemo asusun da ita in ya ɓace, kada ta zama layin da ke cikin wayar kaɗai, don tare ake sace su. Ki ƙara ta maigida. Ki sa wa fuskar wayar makulli. Lambobin matan aure da 'yan mata da hotunan hannayensu da kwatancen gidajensu amana ce a wurinki, kuma ki tuna da haka ranar da za ki kai waya gyara. Shi ma sim ɗin ki sa masa lambar fin, wato lambar sirrin da ke kulle shi, domin masu satar waya sau da yawa layin suke nema su shiga asusun banki da shi. Sai dai ki yi hattara: kuskure 3 yake kulle layin ya nemi lambar PUK mai lamba 8 da ke jikin katin da aka ɓalle sim ɗin, kuskure 10 a PUK kuma ya kashe sim ɗin gaba ɗaya. Kada ki yi ta canka, ki tambayi kamfanin layinki fin ɗin farko. A WhatsApp ma akwai makulli na biyu mai lamba 6, ki kunna shi.

A nan ne maganar maigidanki ta shigo, kuma yana da gaskiya fiye da yadda kike zato. Ki sayi littafi mai kauri ki ajiye a gida inda kike ajiye takardu masu muhimmanci. A ciki ki rubuta adireshin Gmail ɗinki, lambar PUK, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai lamba 15 da ke fitowa in kin danna *#06#, lambobin gaggawa 10 da Google ke bayarwa don shiga asusu in waya ta ɓata, da lambobin mutum 20 da ba za ki iya kwana biyu ba ki neme su ba. Lissafin kuɗi ma yana iya zama a can. Inda na saɓa da shi shi ne a kan alƙawari. Littafi ba ya ƙara ya tashe ki, ba shi da kwafi in ruwan lalle ya zube masa, kuma yana gida a lokacin da ake tare ki a gidan biki ana neman rana. Amma in kin gwada kalandar waya sati 3 kin ga hannunki ya ƙi sabawa, to ki bi maganarsa ɗungurungum: dayari mai shafi ɗaya ga kowace rana, a jakarki kullum, ba a wani wuri ba. Littafi shi kaɗai ya fi rabi a littafi rabi a waya nesa ba kusa ba. Ki zauna da shi ki nuna masa tsarin, ki nuna masa lambarsa ce madogarar asusun. Ina ganin abin da ya dame shi ganin ki cikin tashin hankali ne, in ya ga kin kama bakin zaren zai sauko.

Yarinyarki ma ki shigo da ita. In tana da Gmail, kina iya gayyatarta cikin duk aikin da za ku je tare, ya fito a tata kalandar da lokaci da kwatance. Kuma ki ware a ranki irin aikin da za ta iya ita kaɗai, kamar na ƙawaye da yara, ki faɗa wa mai biki tun wajen ciniki wace ce za ta zo. Hannun amarya naki ne har sai ranar da kika ga ta ƙware.

Saura Sallah. Google Calendar tana iya nuna kwanan watan Hijira a gefen na Bature in kin kunna a saiti, kuma zai taimaka miki da dattawan da ke cewa "20 ga Sha'aban". Amma lissafi ne na na'ura, yakan saɓa da kwana ɗaya da abin da Sarkin Musulmi ya sanar bayan ganin wata, don haka ki tambayi mai maganar wace rana ce a sati. Babbar Sallah da sauƙi, tunda 10 ga Zulhajji ce, ana sanin ta tun farkon watan. Ƙarama kuwa sai daren da azumi ya cika 29 ake sanin ko gobe ce ko jibi. Ki tsara aikinki kamar azumin 29 za a yi: duk wadda kika karɓi kuɗinta ta gama kafin wannan daren, ranar 30 in ta samu ta zama ta masu zuwa ba shiri. Ki ƙirga hannu nawa kike iya zanawa a yini da azumi a bakinki, ki rage biyu, ki rubuta adadin a saman kowace rana. In ya cika ya cika, ko wace ce ta kira, taura biyu ba ta taunuwa. Ki tanadi lambar wata mai lalle da kika yarda da aikinta, ki ajiye ta a asusun da sunanta da unguwarta, don wadda kika ce wa babu wuri ta samu inda za ta nufa.